Cikin da Na Yi wa Inna a Wuyan Hannu

Ko na tsufa ba zan manta da ranar da na buɗe bakina a kan abin da ba a tambaye ni ba. Ni ce wadda a ajinmu ko malami ya kira sunana sai na fara duba ƙasa, amma idona ba ya barin komai ya wuce, kuma a lokacin ina ɗaukar wannan a matsayin basira.

Innata makitsiya ce, rabin kawunan matan ƙauyenmu hannunta ne. Ina aji biyu a sakandare na lura ta canza. Tana cikin kitso sai ta tsaya tana yarfe hannu, tsinken tsaga ya riƙa suɓuce mata. Sai kuma ta fara zuwa asibitin Kankara a ɓoye, tana ce wa masu kitso ta je gaisuwa. Ranar da na raka ta, ta ja mini kunne: "Ko kakarki Iya kada ki gaya wa. In mata suka ji, kowa sai ta kai kanta wani gida."

Na zauna a benci ina leƙe ta gefen labule. Na hango wata na'ura mai igiya da ɗan kai kamar na ludayi, ga kwalbar man nan mai yauƙi mai sanyi. Na san man! Shi aka shafa wa matar Kawu a ciki lokacin da aka yi mata hoton ciki. Na haɗa ɓoye-ɓoye da kasala da man yauƙi, na samu amsa (ni da ban taɓa cin lissafi ba).

Na riƙe sirrin har zuwa la'asar. Iya, mahaifiyar Babanmu, tana tsinkar zogale na raɗa mata cewa Inna na da ciki.

"Ke 'yar nema, mi kika ce?"

"Wallahi Iya da idona na ga man."

Kafin mako ya zagayo, jaki ya sauke itacen wankan jego a ƙofar gida, an hana Inna daka, mata suna shigowa suna kallon hijabinta suna murmushi. Inna ta zaci tausayin hannunta ake yi, har tana hararata, wai na tona mata asiri.

Ranar komawa asibiti Iya ta yafa mayafi ta ce ƙafarta ƙafar surukarta. Muka shiga mota mu uku. Wannan karon har cikin ɗakin gashin ƙashi muka kutsa. Likitar da ke wurin ta shafa man a wuyan hannun Inna, ta ɗora kan na'urar tana zagayawa a hankali. Na sunkuyar da kai. Na fara ƙirga tayil ɗin ƙasa.

Iya ta gyara zama ta ce, "Ikon Allah! Yanzu ta hannu ake dubawa? To ɗiyata, namiji ne ko mace?"

Likitar ta tsaya. "Wa, Hajiya?"

"Abin da ke cikin mana."

Sai da likitar ta kama tebur don dariya, sannan ta yi bayani. Wannan na'urar ba ta ganin komai, in ji ta. Wani sauti take turawa wanda kunne ba ya ji, ya ratsa fata ya ɗumama ciki. Akwai jijiyar da ke bi ta wata 'yar hanya a wuyan hannu, yawan kitso ya sa wurin ya kumbura ya matse ta, shi ya sa babban yatsa da na kusa da shi suke mutuwa. Ana fatan gashin ya rage zafin, amma dole Inna ta huta, ta riƙa ɗaura takalmin hannu mai hana wurin lanƙwashewa.

"Ashe ba jika ba ne, jijiya ce," in ji Iya. Ta nuna ni da baki. "Ga babbar likitar da ta duba mana nan."

Inna ta juyo. Ta dube ni kawai, irin kallon da na gwammace mari a kansa.

Abin da ya fi ciwo, babu yadda za a kashe maganar ciki sai da gaskiya. Inna da kanta ta riƙa ɗaga hannu tana nuna wa mata abin da ta yi ta ɓoyewa. Wasu suka kai kawunansu gidan Talatu, wata makitsiyar, kamar yadda ta ji tsoro. Waɗanda suka tsaya, a gabana aka zaunar da su in yi musu kitson, Inna na gefe tana ba da umarni: "Ja da kyau, ungozoma." Na yi wa matar liman shuku ya karkace kamar rumbun da damina ta ci, ta biya ni da addu'ar Allah ya shirya.

Yanzu hannun Inna ya yi sauƙi, matan sun fara dawowa. Ni kuwa na koyi cewa mai kunya in za ta yi magana sau ɗaya a shekara, gara ta fara da tambaya.