Jan Goshin Karnukan Unguwarmu

Wani ne a ƙauyenmu na bayan garin Pokhara a ƙasar Nepal, yana da kare mai suna Bhunte. Son da yake wa karen nan, ko shinkafa aka zuba, sai Bhunte ya ƙoshi yake sa hannu. Sai ciwon haukan kare ya ɓulla a tsallaken rafi, hankalin mutumin ya tashi. Masu allurar rigakafi kuwa sau ɗaya suke hawo mana dutse a shekara, karen da ya kuskure sai baɗi.

Ran da suka fara da unguwar sama, ya ga karnuka suna gangarowa, kowanne da jan fenti a goshi. Ya tare maƙwabcinsa Til Bahadur.

"Yaya, wannan jan fa?"

"Duk karen da ka gani da shi ya tsira. Hauka ba ta kama shi."

"Ja kawai?"

Til Bahadur na fama da kwandon ciyawa a baya, ya ce, "Eh mana," ya wuce.

Gogan ya sheƙa gida, ya ɗauko garin jan da matarsa Dhan Maya ke ɗigawa a goshi in za ta wurin bauta. Ya kwaɓa, ya dangwala wa Bhunte. Da ya ga akwai saura, tausayi ya kama shi. Ya bi unguwa da ƙashin ɓauna a hannu, ya shafe karnuka ashirin da uku, har da wata akuya da ta tsaya kallo.

Washegari likitar dabbobi, Pabitra, ta iso unguwarmu da akwatin allura. Ta dubi wannan kare, ta dubi wancan.

"Ashe abokan aikina sun riga ni." Ta juya abinta.

Daidai lokacin Dhan Maya ta tarar da gwangwaninta wayam.

"Baban Sarita, ina jana?"

"Na ceci unguwa da shi. Kuma ni ko kare ɗaya ban sa kuka ba."

Ta kama kunnensa, ba ta saki ba sai a bakin gada, inda suka cim ma likita.

Pabitra ta dafe kai. "Bawan Allah, jan nan alama ce kawai, don kada a yi wa kare allura sau biyu. Allurar ce maganin. Je ka wanke su kaf."

"Na gane sarai," in ji shi.

Karnuka ashirin da uku suka haƙura da wankan, aka yi musu allura, har da Bhunte. Na ƙarshe, wani baƙo da ba a san mai shi ba, ya cafke gogan a ɗuwawu.

Likita ta ce a wanke cizon da sabulu, a wuce asibitin ƙauye yanzu, allurai na jiransa.

"Ba komai, likita, ai karen yana da ja a goshi."

"Wa ya sa masa?"

"Ni."

"Wuce mu tafi."

Ƙarti huɗu suka danne shi, malamin asibiti ya tsira masa ta farko. Ihunsa har unguwar sama. Da aka gama aka ce ya tashi, ya ƙi. Ya miƙo wa Pabitra goshi, yana kallon fentin da ke hannunta.

"Likita, duk azabar nan na sha, maganin kuma ki bar shi a gwangwani?"