Hoton Gonar Fure Da Na Aika Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da hoton nan ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, akwai mutane a Tudun Wada da suka ɗauki nauyin tuna mini har iya tsawon rayuwarsu.

A lokacin ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati nan Kaduna, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai. Aka zaɓe mu ni da abokin aikina Bulus, mutumin kudancin Zariya, aka ce za a tura mu Ingila kwas. Kowa ya taya ni murna ban da mutum ɗaya, wato Baffa Isa, yayan mahaifin Rakiya, yarinyar da nake nema. An riga an kai gaisuwa, sa rana kawai ya rage. Mahaifinta Malam Sule tela ne, mutum mai sanyin hali, amma aurar da 'ya'yan gidan a hannun Baffa Isa yake, shi kuwa ko gaisuwa ka yi masa sai ya auna ta kafin ya amsa.

Ya ce, "A dakata da sa ranar nan sai ya dawo. Na ga waɗanda suka je Ingilar nan. Wani ya dawo yana cin tuwo da cokali, wani yana gaida uwarsa a tsaye. In ya dawo da kunyarsa, mu ba shi. In ya baro ta can, yarinya ba ta rasa manema ba."

Kuma gaskiya ya faɗa, ba ta rasa ba. Akwai wani ɗan abokinsa mai aikin jirgin ƙasa da ke ta shawagi a layin da sabon keke. Ni kuwa ina son Rakiya, son da har yau ba na jin nauyin faɗarsa. Saboda haka na shiga jirgin ruwa da ƙuduri ɗaya: in nuna wa Baffa Isa cewa Ingila ba ta taɓa ni ba.

Na kuwa yi ƙoƙari. Ban bar salla ta wuce ni ba, ban yarda hular malafa ta hau kaina ba. Matsalar da na fara cin karo da ita ita ce buta. Turawa ba su san ta ba. Na zaga kantuna har na gaji, a ƙarshe na sayi wata ƙaramar butar shayi ta ƙarfe, ita ce ta zama abokiyar tafiyata duk inda za ni. (Matar da muke haya a gidanta ta ɗauka tsananin son shayi ne, har tana yabona wurin maƙwabta.)

Da sanyi ya fara sauƙi, sai makarantar ta shirya mana yawon buɗe ido zuwa wani yanki da ake noman furanni. Na ji abin wani iri, wai noman fure. Amma na sa babbar rigata fara, wadda Malam Sule da kansa ya ɗinka mini, domin Bulus ya sayi kyamara kuma ya yi alkawarin ɗaukata.

Jama'a, ban taɓa ganin abu kamar wannan ba, kuma ban sake gani ba. Bas ta sha wata kwana kawai, sai ga ƙasa ta canza launi. Kunya-kunya ne a jere kamar na gyaɗa, amma wannan ja wur, na kusa da shi rawaya, na gaba fari fat, na can shuɗi-shuɗi, haka har inda ido ya ƙare. Furen suna kiransa tulif, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, kansa kamar ƙaramin kofi. Ba na ɓoye muku, sai da idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, Allah, da ma Rakiya na nan.

Muka yi ta yawo har azahar ta yi. Na koma gefen gona na yi alwala na yi salla. Ina sallamewa direba ya fara danna hon, sai Bulus ya ƙwalla mini kira, "Malam, hoton fa! Zo da sauri!"

Na ruga cikin kunyar jajayen, buta a hannu. Bulus ya leƙa kyamararsa ya ce, "Ka yi tsawo, furannin ba sa fitowa. Tsuguna a tsakiyarsu."

Na tsuguna. Ƙasar da laima, ga riga fara, rigar suruki kuma, sai na tattare ta na naɗe a cinya. Butar na ajiye ta nan gefena. Ban yi murmushi ba, don a lokacin mutum mai hankali ba ya washe baki a hoto, ga kuma wata iska mai sanyi da ta sa na ɗan yamutsa fuska. Daidai lokacin da Bulus zai danna, direba ya sake hon, na waiga a firgice. Ƙyas.

Da aka wanko hoton, baƙi da fari ne, kamar kowane hoto na zamanin. Amma ni da na duba, wallahi ja nake gani, rawaya nake gani. Na ga saurayi cikin shigar gida, cikin ni'imar Allah, ga butar alwalarsa a gefe tana ba da shaida. Na ce shi ke nan, Baffa Isa ya gama magana. Na sa a ambulan na aika gidan Malam Sule, na kuma ba mai hoto ya yi mini wani babba ya sa a gilashi, wanda zan kai da hannuna.

Daga nan wasiƙun Rakiya suka ɗauke. Na ɗora laifin a kan gidan waya.

Da muka dawo Kaduna, kwana na yi kawai na shirya, bayan la'asar na nufi Tudun Wada da tsaraba, babban hoton a naɗe cikin takarda a hammata. Na tarar da Malam Sule da Baffa Isa a zaure. Daga ƙofar ciki kuma mahaifiyarsu ce zaune a kan tabarma, Iya, kakar Rakiya, wadda tun farkon zuwana gidan take kirana angonta tana tsokanata, kamar yadda kakanni suka saba. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa har ƙasa na yi gaisuwa mai tsawo, don a ga ban manta ba. Aka amsa mini a taƙaice.

Na ce, "Baba, hoton da na aiko kuwa ya iso?"

Malam Sule ya dubi tabarma ya ce, "Ya iso."

"An gani?"

"An gani," in ji Baffa Isa. "Sosai."

(Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa yabo na ji.)

Na ce, "Ai wancan ƙarami ne, ba ya nuna komai da kyau. Ga babban, na kawo a rataye a nan zaure, duk wanda ya shigo ya gani." Na warware takarda na ɗaga shi sama da hannu biyu.

Malam Sule ya juya fuska bango yana motsa baki, ina jin salati yake. Baffa Isa bai kau da kai ba, ni yake kallo. Sai na ga ya kamata in ƙara bayani.

"Wurin nan, Baffa, sai wanda ya je. Ban so tashi ba, direba ne ya matsa. Turawa ma layi suke yi su shiga, maza da mata."

"Maza da mata," in ji Baffa Isa.

"Har da yara."

Sai Iya ta yi gyaran murya daga ƙofar ciki. "Kai angona, matso da abin nan. Waɗannan 'ya'yan nawa kunyarka suke ji, wata da watanni sun kasa tambaya, ni kuwa ba ruwana. Duk faɗin Ingila, duk dukiyar Sarauniya, ba su da masai ne?"

Na ce, "Na'am, Iya?"

"Masai nake tambaya. To, in ta kama mutum a gona ta kama shi, babu wanda ya fi ƙarfin wannan, mu ma a ƙauye haka muka taso. Amma har da kiran mai hoto? Har da gilashi?"

Na juyo da hoton na dube shi. A karo na farko jan ya tafi, rawayan ya tafi. Abin da ya rage shi ne wata gona toka-toka mai kama da ta albasa, da wani ƙato a tsugune a tsakiyarta, riga a tattare, ganye ya rufe shi daga ƙugu zuwa ƙasa, fuska a yamutse, ya waigo a firgice kamar mai gonar ya kama shi. Ga buta a gefe.

Innalillahi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Abin da ya fi ci mini rai, rigar Malam Sule ce a jikina, aikin wuyanta ya fito raɗau, shi kaɗai ne abin da hoton ya nuna da kyau.

Na fara bayani. Na ce gonar fure ce, alwala na yi, Bulus ne ya ce in tsuguna.

Baffa Isa ya ce, "Gonar fure. Me ake ci a jikinsa?"

"Ba a ci, Baffa."

"Dabbobi ake ba wa?"

"A'a."

"Rini ake yi da shi? Magani?"

"Kallo kawai ake yi."

"Wato mutum ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya zuba taki, ya yi noma, daga nan har inda ido ya ƙare, don a zo a kalla." Ya miƙe ya gyara rigarsa. "Da rashin kunya kaɗai muke tuhumarka. Yanzu ka haɗa da ƙarya."

Ya fita. Na kwashi hotona na fito, ban ma san na bar takalmi ƙafa ɗaya ba sai da na kai bakin titi. A ranar na tabbata na rasa Rakiya, kuma ba mai keken ne ya ƙwace ta ba, ni ne na sa ta a ambulan na aika masa.

Washegari da aka tashi daga ofis na ɗauko Bulus a bayan kekena muka koma. Allah ya taimake ni, shi ya sayi katunan hoto masu launi a bakin gonar, irin waɗanda ake sayar wa baƙi. (Ni na ƙi saye. Na ce me zan yi da katin da ba ni a ciki.) Bulus ya durƙusa ya gaida manya da Hausarsa tas, ya miƙa katunan. Baffa Isa ya karɓa ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo, ya juya bayan katin, ya shafa da yatsa ko launin zai goge, bai goge ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Sai ya dubi Bulus. "Kai ka ɗauki wancan?"

"Ni ne, Baba."

"Da aka wanko, ba ka ga abin da muka gani ba?"

Bulus ya sosa ƙeya. "Na gani, Baba. Tun a ranar na gani. Na ga yana ta murna ne, ban so in ɓata masa rai ba."

Wannan mutumin tare muka yi wata da watanni a ɗaki ɗaya, muna cin dankali a kwano ɗaya.

Malam Sule ne ya fara dariya. Ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, sai Iya ta saki tata daga ciki har da tafi. Baffa Isa bai yi dariya ba, shi ba ya yi. Ya miƙa wa Iya katin, ya cire tabarau, ya ce wa ƙaninsa, "To, Sule, na duba. Yaron nan ba mara kunya ba ne, ba maƙaryaci ba ne. Wauta ce kawai, kuma da ita ya tafi, ba can ya samo ba. Ana iya zama da wannan. A sa rana."

Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Har godiya na yi.

Da yamma aka bar Rakiya ta fito zaure. Ta zauna nesa, ta ja mayafi, ta ƙi kallona. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ta yi kuka har ta gaji, ƙawayenta sun ga hoton kafin a ɓoye shi, ko rijiya ta je sai wata ta ɗaga buta ta tambaye ta labarin Ingila. Sai ta ce, "Malam, da gaske wurin ya kai yadda yake a katin?"

Na ce, "Ya fi. Da na gan shi, ke na tuna."

Ta ce, "To don Allah kada ka faɗa wa kowa haka."

Na kuwa riƙe. Abu mafi kyau da idona ya taɓa gani a duniya, ban isa in ba da labarinsa a cikin gidana ba, don da na ce "gonar fure" 'ya'yana za su fara kallon juna. Abin da na koya dai shi ne, duk hoton da za ka aika gidan surukai, fara nuna wa wanda bai je wurin ba, in da hali tsohuwa. In kuma mai hoto ya ce ka yi tsawo, ka ce masa ya ja da baya.