Sai Sun Cika Goma

Jama'a, ku taya ni jaje. Babbar rigata ta Juma'a, shuɗiyar nan da nake ji da ita, ta sha fitsarin jaririn da ba nawa ba, da rana tsaka, a tsakiyar gari, ina tafe ina haki kamar wanda ya sato shi. Uwargidana Inno ta wanke ta sau biyu, amma shatin yana nan daram. Ban ga laifin yaron ba, ya yi abin da ya iya ne. Masu laifin suna can cikin ofis mai sanyi, Allah ya ƙara musu sanyi, kuma yau da su nake.

Ga yadda abin ya faro. Ina da jika, Musaddiq, ɗan ɗana Mode. Mode shekararsa goma sha tara, matarsa Khairiyya sha bakwai. Su suka ga juna suka so, mu kai goro ne kawai namu. Yanzu yara ne ke renon yaro, mu tsofaffi muna gefe muna sa ido. To, yaron ya cika wata tara daidai lokacin da labari ya iso ƙauyenmu, nan tsakanin Rara da Tursa, cewa ƙyanda ta shiga garuruwan da ke yamma da mu, har an rufe yara biyu. Ni da na taɓa rufe ɗiyata ta biyu saboda wannan ciwo, shekara talatin ke nan, na san irin ɓarnar da yake yi. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar Laraba ake rigakafi a ɗan asibitinmu. Inno ta goya yaron, Khairiyya ta bi ta a baya da kati, don ɗan fari ne, kuma kun san yarinya ba ta ɗaukar ɗan farinta ta ratsa gari tana nuna shi. Kafin azahar sai ga su sun dawo.

"Mi anka yi?" na tambaya.

"Malam, an ce yaran ba su cika ba," in ji Inno. "Huɗu munka taru. Sai sun kai goma."

Laraba ta zagayo, suka koma, suka dawo. Wannan karon shida ne, wasu daga cikin huɗun farko ma sun yi fushi ba su zo ba. Na ce wannan aikin ya fi ƙarfin mata, zuwa da kai ya fi saƙo. Na je da kaina na sami Malama Sharifa, ma'aikaciyar da ke kula da wurin, ita kaɗai ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai shara in mai sharar ya tafi gona.

Ta yi mini bayani cikin ladabi. Allurar ƙyanda a 'yar kwalba take zuwa, kwalba ɗaya ta yara goma ce. In aka buɗe aka haɗa ta, awa shida take yi, abin da ya rage sai zubarwa. Na ɗaga kai, sai ga wata ƙatuwar fosta a bango a bayanta, da hoton uwa tana dariya, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ko yaro ɗaya ne ya zo a buɗe masa kwalba.

"To Malama, wagga takarda hwa?"

Ta yi murmushin wanda ya gaji. "Baba, wanda ya aiko da wagga daban, wanda ka ƙidayar kwalabe daban. In nib buɗe don yara huɗu, shida sun zube, ni ka shan tuhuma. Wadda nig gada a nan haka ta yi, yanzu tana wani gari inda ko kabu-kabu ba ya zuwa."

Kun ji fa. Manya biyu ne a kanmu, dukansu masu son talaka. Akwai Mai Girma Sarkin Fosta, Allah ya ja zamaninsa, wanda ya ce a buɗe. Akwai kuma Ranka Ya Daɗe Ma'ajin Kwalabe, Allah ya ƙara masa lissafi, wanda ya ce duk ɗigon da ya zube sai an faɗi dalili. Ina jin ofisoshinsu bango ɗaya ya raba, amma ayyuka sun yi musu yawa, ba su sami sukunin gaisawa ba. Malama Sharifa ce a tsakiya, gaba kura baya siyaki. Ni dai na yaba da tsimin Ma'aji. A ƙasar da ake tara mutum ɗari a otal kwana uku ana cin kaji don a tattauna lafiyar uwa da yaro, dole a sami mai tsoron Allah guda da zai tsaya a kan ɗigon allura.

Na ce to, tunda goma ake so, goma za a samu. Ranar Talata na bar dashen albasata na shiga gari gida-gida ina sallama, ina tambayar ko akwai mai wata tara. Ban taɓa sanin wahalar 'yan takara ba sai ranar, su ma da atamfa da sabulu suke yawo, ni hannu na dukan cinya. Maƙwabcina Abdulƙadiri yana zaune a ƙofar gida yana gyaran kwando ya bi ni da ido.

"Malam, kujerar mi kaka nema?"

"Kansilan jarirai. Ka ba ni ƙuri'ar Kyauta."

Kyauta ɗiyarsa ce, wata goma. Ya ce uwarta Kaltume ta je sau biyu ta dawo, ga shi gobe suna da 'yan dashe goma sha biyu a fadama, ita za ta kai musu abinci. Na dafa ƙirji na ce gobe ba dawowa, ni na ɗauki alkawari. Ya ce tunda ni na faɗa, za ta je.

Washegari na sa babbar rigar, don a san da babban mutum ake magana. Muka hallara a ƙarƙashin dogonyaron ƙofar asibitin tun hantsi bai yi ba. Malama ta iso a kan kabu-kabu rungume da akwatin ƙanƙara, domin firjin asibitin yana nan cikin kwalinsa yana jiran ranar da wani babba zai zo ya yanke masa kyalle. Ta ƙirga yara. Ta sake ƙirgawa. Ni ma na ƙirga, har da nuna yatsa. Tara.

Na ce ɗaya fa ya rage, ai abin da ya kusa ya zo. Ta ce mu ɗan jira, wataƙila Allah ya jefo wani. Muka jira. Rana ta taso, inuwa ta tsuke, yara suka fara kuka bi da bi. Kaltume tana ta duban rana tana gyara goyo. Ni kuwa na miƙe na yi jawabi a kan hukuma da rashin tausayinta, jawabin da in da rediyo ta ɗauka da an kira ni birni. Ba wanda ya tafa, kuma yaran ba su ƙaru ba.

Sai na ji wata 'yar murya a bayana. Khairiyya ce. Tun da aka kawo yarinyar nan gidana ban taɓa jin ta haɗa kalma uku a gabana ba in ba gaisuwa ba. Ta juya fuskarta ga bango, da Inno take magana amma don ni ake yi.

"Inna, a hwaɗa ma Baba akwai na Rahama. Watanshi goma sha ɗaya."

"Wace Rahama?"

"Ta gidan bayan masallaci. Ba ta da mai ɗauko mata shi."

A nan na gane abin da yawon Talata bai nuna mini ba. Rahama shekararta goma sha shida. Mijinta ya tafi ci-rani kudu, uwarta tana can Goronyo, surukarta kuwa ƙafa ta ƙi, ko ƙofar ɗaki sai da ja. Yaron ɗan fari ne. Da na yi sallama a gidan ranar Talata na tambayi ko akwai yaro, shiru aka yi mini, don ba bakin da zai ce "akwai nawa". Ba ƙin allura take ba, kunya ce ta tsare ta a ɗaki. Masu girma sun yi bita a kan matasan iyaye har an raba jaka da hula, amma ba na jin a cikin takardunsu akwai layin da aka rubuta: wa zai ɗauko wa yarinya ɗanta na fari?

Na ce kowa ya zauna inda yake, na nufi bayan masallaci da sauri. Tsohuwar ce ta miƙo mini yaron daga bakin ƙofa tana sa mini albarka. Rahama ko fitowa ba ta yi ba. Na saɓa shi a kafaɗa na kamo hanya. Da na waiga, sai ga ta can nesa, kamar taku arba'in, riƙe da bokiti wai ita rijiya za ta. Na tsaya ta tsaya, na tafi ta taho. Daidai majalisar mahauta, inda idon gari yake, yaron ya saki abin da ya saki. Na ji ɗumi ya bi kafaɗata ya gangara har aljihu. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, an samu ƙaruwa ba mu ji suna ba?" Na ƙara sauri, ni da ke ɗauke da na goma.

Na iso ina huci, na ɗaga yaron sama kamar wanda ya ci kofi. Ba wanda ya yi murna. Kaltume ta tafi. Rana ta take, 'yan dashe goma sha biyu na jiran abinci a hayin gulbi, ta ce ta san ƙarshen zancen, yau ma dawowa za a ce. Ta saɓi Kyauta ta wuce. Mun koma tara.

Na zauna a kan benci da jiƙaƙƙiyar riga. Malama Sharifa ta dube ni, ta dubi matan, sannan ta leƙa waje ta hango Rahama tsaye a jikin katanga da bokitinta, kai a ƙasa. Ita ma ta san yarinyar nan in ta koma yau ba za ta sake fitowa ba. Ta buɗe akwatin ƙanƙara ta ɗauko kwalbar.

"Su rubuto tuhumar," ta ce. "Ku jera."

Wurin cika kati aka sha dariya. An tambayi Rahama sunan yaro, ta ƙura wa bokiti ido. Khairiyya ce ta ce, "Mansur." Da aka zo kan jikana, Khairiyya ta kama kallon rufi, sai ga murya daga jikin katanga, "Musaddiq." Haka suka fitar da juna kunya. Allura na shiga Musaddiq ya tsandara ihu, uwar ba ta dube shi ba, amma na ga tana share ido da bakin mayafi. Ni ma wani abu ya faɗa mini a ido. Mun aika a nemo Kaltume, ba ta dawo daga fadama ba sai magariba, lokacin kwalba ta riga ta mutu. Allura ɗaya ta zube.

Yau wata guda da 'yan kwanaki ke nan. Kwana uku bayan Larabar nan takardar tuhuma ta iso, a mota, da direba da ɗan rakiya. Ranka Ya Daɗe Ma'aji yana son sanin inda allura ɗaya ta shiga, kuma ba za a sake ba Malama kwalbar ƙyanda ba sai ta gamsar da shi. Ta rubuta amsa, an ce tana kan tebur. Kaltume ta koma Laraba biyu a jere, goye da Kyauta, ta tarar ba kwalba.

Ciwon ya shigo garinmu makon jiya. Musaddiq yana nan yana rarrafe yana cin ƙasa, Mansur ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Kyauta ce ke kwance, kwana biyar ke nan, jiki duk ya feso, idanu sun kumbura ba ta buɗe su. Malama tana zuwa safe da yamma, ta ce da yardar Allah za ta tashi. Jiya na je dubiya. Abdulƙadiri ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, bai tuna mini da ƙirjin da na dafa ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, a daina wahalar da Malama. Allurar da kake cigiya na san mai ita. In kana son ganinta, gida na biyu ne bayan nawa, mai ƙofar langa-langa. Ka yi sallama a hankali, kada ka ɗage labulen da yawa, haske yana damun idonta. Hanya kuwa kada ta dame ka, direbanka ya san ta.