Ya'u Kunne da Babur Mai Ƙafa Uku

"Ni inji ba sai na buɗe shi ba," in ji Ya'u, yana kaɗa cokali a kofin shayi. "In ya yi tari a Gashuwa, ina nan Nguru zan gaya muku inda ke masa ciwo. Jirgin ƙasan nan da kuke gani, in direbansa ya hango ni a tasha, rage usur yake yi don girmamawa."

Ka ji Ya'u Kunne ke nan, aboki. Sana'arsa ta gaskiya facin taya da gyaran risho, amma a baki ya gyara duk abin da ke shan mai daga nan har Maiduguri. Shi ya raɗa wa kansa Kunne, wai da ji yake gane cuta. Mutanen tasha kuwa Injiniyan Baki suke ce masa in ya juya baya.

Ran nan, cikin 1987, tsautsayi ya zaunar da Alhaji Saleh a benci ɗaya da shi. Alhaji ɗan kasuwar shanu ne daga Gashuwa, ya zo loda dabbobi a jirgi. Yana da wani babur mai ƙafa uku, tayoyi ɓul-ɓul kamar kabewa, wanda ya saya hannun Turawan da suka zo kallon tsuntsaye a Dagona.

"Malam Ya'u," in ji Alhaji, "abin nan in ya ɗau gudu sai ka ce iska. Amma tashin farko, ko in ya shiga yashi a hankali, sai ya shaƙe ya mutu. Ga kasuwar Kumagannam ta matso, hanyar kuwa yashi ce zalla. In ka gyara shi, na damƙa maka injinan ban-ruwana na Katuzu gaba ɗaya."

Ya'u ya lumshe ido. "Kafireta ce. Daga nan ma ina jin ta."

Washegari gogan naka ya sauka daga a-kori-kura a Gashuwa, da sukundireba a aljihu da tabarau baƙi a goshi. Aka turo babur ƙofar gidan Alhaji, kusa da inda Ya Falmata ke sayar da bandar kifi. Jama'a suka taru. Ya'u ya zagaya shi, ya sake zagayawa, yana neman abin da ake takawa a tayar, bai gani ba.

"Igiya ake ja, kamar janareta," in ji Alhaji.

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Inji ya tashi. Ya'u ya kara kunne, ya gyaɗa kai kamar likita, ya kama ɗan sukurun da ke daidaita iska ya murɗa shi har ƙarshe. Babur ya yi aman baƙin hayaƙi, ya mutu.

"Cutar ce ke fita," in ji shi.

"Ta fita ta shiga kifina," in ji Ya Falmata, tana fifita da faifai.

Sai ya kwance kafireta ya baje ta a ƙasa, kan yashi. Ya kafa baki zai hura, ya manta akwai sauran fetur a ciki, ya zuƙa maimakon ya busa. Idanunsa suka yi jajur. Wani mai shan taba ya ja da baya da sauri.

"Lafiya, Malam Ya'u?"

"Ɗanɗana man nake yi, Alhaji. Man naka ba laifi."

Cikin kayan akwai 'yan ƙarafa biyu masu huda da ake kira jet, ta nan mai ke wucewa. Ƙaramin, wanda ke ciyar da inji a tafiyar hankali, ya toshe da datti har ba a ganin haske ta cikinsa. Ya'u ya dube shi ya ce wannan ƙusa ce kawai, ya mayar da shi yadda yake. Babban kuwa, lafiyayye, shi ya kama da laifi.

"Dubi ƙanƙantar rami! Turawan nan marowata ne, yunwa suke bar wa inji. Ya Falmata, ara mini basilla."

Ya yi ta sukar ramin har ya buɗe kamar hancin raƙumi. Ya zaro soson da ke tace iska ya jefar. "Wa ya ga ana toshe wa mai gudu hanci da soson wanka?" Da ya zo haɗawa, ɗan bututun da totur ke ɗagawa ya ƙi shiga, don a juye ya saka shi. Ya danna da ƙarfi, ya ɗaure murfi. Ya ƙara sulo, wato ƙarfin inji a tsaye, har sukuru ya ƙi motsi.

Ana jan igiya babur ya kurma ihu. Awaki suka watse, kaji suka haye katanga.

"Kun ji ƙarfi?" Ya'u ya ɗaga murya. "Wannan ko tudun yashin Yusufari a ci da baya zai hau shi!"

"Bari in gwada," in ji Alhaji.

"A'a, Alhaji. Mai gyara ke fara hawa."

Ya sauko da tabarau, ya haye, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya taka giya.

Aboki, ƙafar gaba ce ta fara yin sama. Hula ta tsaya a ƙofar gida, mai hula ya wuce. Ya bi ta kan tiren Ya Falmata, kifi ya tashi kamar ya tuna yana da rai. Ya'u ya laluba neman kuloci, babu kuloci. Ya saki totur, totur bai san an sake shi ba. Da ya zo kwana ya kwanto jiki kamar mai tuƙa babur na mutane, mai ƙafa uku ya ce bai san wannan ba, ya miƙe sak ya nufi kogi.

"Ku kauce! Gwaji ne! Wayyo, ku tare!"

A gangaren ruwa taɓo ya karɓe su. Inji ya shaƙi laka ta inda soso ya bari a buɗe, ya yi gurnani ɗaya, ya yi shiru. Ya'u kuwa ya wuce ta saman kan babur, ya dasa fuska a caɓi, ƙafafu a sama.

Da aka tsamo shi, haƙora da idanu kawai ake gani. Ya tofar da laka ya ce, "Saiti kaɗan ya rage."

Alhaji ya kalli babur, ya kalli rana, ya san Kumagannam sai wani makon, in ma an samu. Ya kira wani makiyayi, Bappayo, da ya kawo shanu shan ruwa, aka ɗaura igiya a wuyan bijimai biyu, aka haɗa da babur. Ya'u aka ɗora a kai ya riƙe kan babur, don ya ce ƙafarsa ba ta takuwa.

Haka suka shigo gari, bijimai a gaba, injiniya a baya yana ɗigar laka, jama'a na biye. Suka ratsa yashin ƙofar gida a hankali, tiryan-tiryan. Ya Falmata tana tsince kifinta a ƙasa ta ɗago, ta ƙare musu kallo.

"Kai, Alhaji, ashe mutumin nan gwani ne," ta ce. "Dubi yadda yake jan yashi yanzu, ko tari babu. Kuma ka huta da fetur. Daga yau harawa zai riƙa ci."