Kifin Gwangwanin da Na Ci Gaban Duwan

Ranar da na sayo katan goma na kifin gwangwani a ƙetaren iyaka, da araha kamar kyauta, ji nake duk Arewa babu ɗan kasuwa irina.

A shingen duwan, wato kwastan, kafin Dumega, shef ɗinsu ya ɗauki gwangwani ɗaya, ya ga ya kumbura. Ya ce, "Malam, wanga kaya ya lalace. Mun riƙe shi."

Na taɓa jin ana biyan tara a fanshi kaya, don haka na gyara hula, na zuba masa ɗan faransancin da na baro a lakwal, makarantar boko.

Ya ce a hankali, "Kayan da takardarsa ba ta cika ba shi aka fansa. Ban da abin da ka iya kashe mutum."

Don in kunyata shi, na fasa gwangwani biyu na cinye gaban jama'a, har na shanye man. Na ce, "To, ina mutuwar?"

Ba a jima ba cikina ya fara ƙugi. Shef ɗin da na ɗaga wa murya shi ya miƙo mini butarsa har sau uku, sannan ya kai ni likita a motarsa. Kifin kuwa na yi niyyar sayar wa mata masu burodi ne a ƙofar lakwal ɗin ɗiyata, inda yara ke sayen burodi da kifi. Har gobe ina sa shef a addu'a.

Yanzu in na zo shingen, sai su ce, "Ga injin awo ya iso, ba sai an aika kaya Yamai a gwada ba." Matata ma, in miya ta kwana, cokali da buta take miƙo mini tare.