Rajistar Malam Barmo da Akuyar Delu

Malam Barmo shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawun awon auduga, shi ya sa ko da ya ajiye aiki ya dawo gida Kukar Sambo, hannunsa ya ƙi rabuwa da biro. Mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya duba agogo ya ga ƙarfe nawa ka yi gaisuwar. Da zaman gida ya ishe shi, sai ya sayi bindigar toka a wurin wani maƙeri, ya ce shi ma ya shiga harbi. Su maharban garin da ido suke ɗurinsu: a zuba albarushi a tafin hannu, a kimanta, a ɗura, a danna tsumma, a yi bisimilla. Malam Barmo ya ce wannan ai aikin duhun kai ne. Ya nemo wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ya sa rula ya ja layuka. Gidan farko na kwanan wata ne, na biyu na yawan albarushi, wanda yake awonsa da murfin kwalba, na uku ƙwayar dalma nawa ya zuba, na huɗu inda iska ta nufa, na biyar abin da ya auna, na ƙarshe kuma abin da ya samu. Duk ɗurin da ya yi sai ya shiga littafin nan. Sau ɗaya Sarkin Baka, shugaban maharban garin, ya yarda suka fita daji tare. Gada ta zo ta tsaya musu ƙiƙam, Sarkin Baka ya raɗa masa, "Malam, harba." Malam Barmo ya ce, "Dakata, biron ne ya ƙi kamawa." Tun daga ranar Sarkin Baka in ya hango shi da littafi sai ya canja hanya.

Wata Talata da hantsi aka tsinci akuyar Delu mai ƙosai a bakin fadama tana shure-shure, da dalma a wuyanta. Da ƙyar aka samu aka sa mata wuƙa kafin ta cika. Ita kuwa Delu tsohuwa ce da bakinta ya fi man suyarta zafi, kuma akuyar nan ita kaɗai gare ta, tare suke kwana ɗaki in ana ruwa. Ko kaskonta ba ta sauke ba ta ɗaura gyale a ƙugu, sai zauren dagaci. Ta ce bindiga uku ce a garin nan. Ta Sarkin Baka tana can tare da shi a kasuwar ƙauye, ta Jatau maharbi wata biyu ke nan tana wurin gyara, saura ta mai littafi.

Dagaci ya aika a kira Malam Barmo, ya kuma ce in ta tabbata shi ne, to bindigar ta bar hannunsa ke nan har abada.

Malam Barmo bai ji ko ɗar ba. Hasali ma daɗi ya ji, don shekara uku yana jiran ranar da za a nemi littafin nan a gaban jama'a. Ya sa farar rigarsa ta zuwa ofis, ya maƙala biro uku a aljihu, ya rungumo littafin kamar jariri. Ya tarar zaure ya cika har ƙofa.

Dagaci ya ce, "Malam Barmo, ka ji abin da ake zargin ka da shi?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Amma ni ba da baki nake magana ba. Duk ɗurin da na taɓa yi wa bindigar nan yana cikin rajistar nan, ɗari biyu da goma sha huɗu, ba ɗaya da ya kuskure."

Jama'a suka ce, "Kai!" Suka ɗauka harbin ne bai taɓa kuskurewa ba.

"Wato rubutawar," in ji Malam Barmo.

Dagaci ya ce, "To buɗe mana ko'ina ka karanta mu ji yadda abin yake."

Malam Barmo ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya yi gyaran murya irin ta mai karanta labarai a rediyo.

"Uku ga watan biyu. Murfi ɗaya, dalma bakwai, iska ta yi yamma. An auna kurciya. An samu reshen ɗorawa."

"Kurciyar fa?"

"Ta koma reshen sama, ranka ya daɗe."

"Ci gaba."

"Tara ga wata. Murfi ɗaya da rabi. An auna zomo. An samu suri. Sha biyu ga wata, an rage albarushi don gwaji. An auna gafiya. Bindiga ta yi tusa kawai."

Wani a bakin ƙofa ya shaƙe da dariya har sai da aka buga masa baya. Malam Barmo ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa manomin da ya jiƙa audugarsa don ta yi nauyi. Sannan ya koma kan littafi.

"Ashirin ga wata, an ƙara albarushi don gwaji. An auna shaho. An samu girar Malam ta dama, da hula."

Dagaci ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa ya ce, "Malam, a cikin ɗari biyun nan da 'yan kai, akwai inda gida na biyar da na shida suka taɓa zama abu ɗaya?"

Malam Barmo ya gyara zaman tabarau. "Ana kan bincike ne, ranka ya daɗe. Ai amfanin rubutun ke nan."

Liman ya matso. "Don Allah duba mini watan azumin bara, wajen goma ga wata."

Malam Barmo ya juya shafuka. "Ga shi. An auna hasbiya. An samu tulu."

"Alhamdu lillahi," in ji Liman. "Shekara guda ke nan ina zargin aljanu da fasa mini tulun nan."

Delu dai ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Tana zaune a gefe ta haɗe rai, tana kaɗa ƙafa.

Dagaci ya ce, "To, mu zo kan ta yau."

Malam Barmo ya buɗo shafin ranar. Ya san ya fita da safen nan, ya san ya yi harbi a bakin fadama, ya kuma san bayan hayaƙi ya washe ya ji wani abu ya ce "mee" a bayan duhuwa. Amma da yake bai gani da idonsa ba, bai rubuta ba, don shi ba ya rubuta jita-jita. Wani ɓangare na zuciyarsa har yana raya masa cewa in dai shi ne, to karon farko ke nan da bindigarsa ta taɓa nama. Ya kori wannan tunanin, ya ɗaga littafin sama yadda kowa zai gani.

"Talata, ƙarfe tara da minti goma. Murfi ɗaya, dalma tara, iska ba ta motsi. An auna fakara. Gidan ƙarshe ba a cike ba tukuna." Ya rufe littafin da ƙarfi, ya juya wajen Delu. "Kin ji ko, Gwaggo? Fakara! Ga shi baƙi a kan fari. Jama'a ku shaida, ko liman ya duba, ko dagaci ya duba, babu inda aka ce an auna akuya. Wallahi ni ban taɓa auna akuyarki ba!"

Delu ta gyara ɗaurin gyalenta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ai shi ne ya kawo ni ƙara, Malam. Da ita ka auna, da yanzu tana gida tana cin dusarta."