Gwaggo Ta Rasu a Garejin Mai Fenti

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Auta, a madadin kaina kawai, don yawancin 'yan gidan ba su san an yi rashin ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, jitar lantarki ta mahaifinmu. Ta cika a garejin wani mai fentin mota, bayan gajeriyar jinyar da ba ita ta nema ba.

Marigayiya ta girme mu duka, shi ya sa muke ce mata Gwaggo. Baba ya same ta tun yana saurayi, kafin ya san Inna, lokacin yana kiɗa a wani otel da yanzu ya koma shagon tayoyi. A gidanmu ba a tsallake ta, ba a taɓa ta da hannun maiƙo. Baƙa ce asalinta, amma shekaru sun cinye fentin inda hannun Baba ke gogawa, har itacen ya fito fili yana ƙyalli. Tana da tabon sigari a kai, aikin wani mai ganga, wanda Baba bai yafe masa ba har yau duk da mutumin ya daɗe a ƙasa.

Mai kawaici ce, ba ta magana sai an jona ta. In an jona ta kuma sai ta fara gyaran murya, zzzzz, kamar dattijuwa za ta yi nasiha. Daga nan sai ka ji dirin-din-din daga ƙasa, sannan ta haura sama ta ja wani tiiiwww mai tsawo, wanda ke sa Inna tsayawa da wanke-wanke hannu cikin kumfa. Ba za mu ɓoye ba, tana da ɗan hali. Duk wanda ya taɓa tsirkiyarta ƙafa ba takalmi, sai ta cije shi. Yayanmu ya sha cizo yana yaro, ya fi kowa.

Da ciwon suga ya tafi da idon Baba, sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Gwaggo ma ta shige ƙarƙashin gado, ɓera ya ci wayoyinta, tsatsa ta kama tsirkiyoyin, ta daina magana. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa. "Maigida, ka fito ka sha iska mana, ƙwai kake kwanci a ciki?" Sai ya ce a ja masa ƙofa in an fita. Abinci yakan dawo yadda aka kai shi, cokali biyu kawai aka taɓa.

Wata rana ina shara na jawo akwatinta, maɓallin ya yi ƙas.

"Auta, wa ya aike ki wurin Gwaggo?"

Na fara mayar da akwatin ƙarƙashin gado.

"Kawo ta nan."

Na ɗora masa ita a cinya. Ina kallo babban yatsansa ya bi bayan wuyanta ya faɗa wani ɗan kwari da ya yi daidai da shi. Sauran yatsun suka bi ta gaba, kowanne ya sami raminsa a jikin itacen, ramukan da su da kansu suka haƙa tun kafin a haife mu. Ya ce, "Ga gida nan." Ashe da ramukan nan yake sanin inda yake a wuyan jita. Da su a ƙarƙashin yatsa, ba ya buƙatar ido.

Daga ranar muka fara jinyarta, shi ne kai da kunne, ni ce ido da hannu. Na ce masa ba na gani sosai a ɗaki, sai dai mu koma baranda. Ya yi tsaki, amma ya fito. Ya koya mini narka dalma in haɗa waya, yana cewa, "Wayar za ki ɗumama, ba yatsanki ba." Da tsohon buroshin haƙori nake wanke maɓallanta ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu ƙarafa biyu masu maganaɗisu a ƙirjinta, su ke ɗaukar sauti, Baba na ce musu maƙogwaro. Mun samu ɗaya ya farfaɗo. Ranar da ta sake yin zzzzz ɗinta, Baba ya cinye abincinsa ya nemi ƙari, ya sa aka kira masa wanzami, har ya koma musu da mai karanta labarai a rediyo. Itacen kuwa ya hana ni taɓawa. "Abin da kike gani a wuyan nan ki bar shi. Ba datti ba ne."

Muna cikin haka Yaya ya dawo daga tafiya, direban tanka ne, sai ya daɗe bai ga gida ba. Da ya tarar da Baba a baranda yana dariya, sai da ya juya baya ya share ido. A shaida, Yaya na son Baba. Ya dube ni da buroshina ya ce, "Ke Auta, haka za ku yi ta tonon nan kamar kaza har gemu ya fito miki? Bar wa manya aiki." Na ɗauka wasa ne. Ranar da ni da Inna muka raka Baba asibiti, ya saɓa Gwaggo a kafaɗa ya kai wa abokinsa mai fentin mota, wanda ake ce wa Sheƙi. Da muka dawo ya ce wa Baba, "Ita ma na kai ta ganin likita, ka sa ido kawai." Baba ya ce to.

Yadda jinyar ƙarshe ta kasance, daga bakin Sheƙi na ji, yana faɗa yana murna. Ya sa inji ya kankare ta tas, har tabon sigarin. Ya cire maƙogwaron biyu, da mataccen da wanda muka farfaɗo, ya jefa a shara ya sa sababbi. Ya fesa mata ragowar jan fentin wata mota. "Wuyan nan kuwa, ƙanwata, ramuka ne fal kamar hanyar kasuwa. Duk na cike su da foti, na goge da sanfefa. Shafa ki ji, ko ƙuda ya sauka sai ya zame." Na shafa. Gaskiya ya faɗa.

Ranar da aka dawo da ita, Yaya ya tara maƙwabta a falo, ya jona ta, ya ɗora wa Baba a cinya. Kowa na kallon jan fenti, ni ina kallon yatsan Baba. Ya hau sama, ya sauko, ya sake hawa, yana zamewa kamar ƙafa a jiƙaƙƙen tayil. Sauran yatsun suka yi ta lalube. Da ya ga shirun ya yi yawa, sai ya danna inda ya samu ya kaɗa. Ta ce kyaaang, da ƙarfi, da wata murya da ban taɓa ji ba, kuma ba inda ya nufa ba ne. Aka tafa.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Ta yi kyau, ko?"

"Baba, ja wur! Har fuskarka kana gani a ciki!"

Baba ne ya fara dariya, don kar Yaya ya ji kunya. Ya miƙo mini ita ya ce in kai shi ɗaki, ya gaji. A nan ne na tabbatar Gwaggo ta riga ta cika tun a gareji. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Kar ki gaya wa yayanki." Tun daga lokacin bai sake fitowa ba, kwano kuma ya koma dawowa a cike.

Marigayiya ta bar mijin hannunta, wato Baba. Ta bar tsohuwar sifikarta mai yagaggen ƙyalle, wadda ba ta saba da sabuwar muryar ba, sai kuka take. Ta bar akwati, da igiyar fata ta ratayawa mai warin gumi, da buroshi. Ta bar Inna, wadda ke zargin sugan ne ya sake tashi, tana ta rage gishiri da mai. Ta bar Yaya, wanda duk wanda ya kira shi a waya sai ya ba shi labarin yadda ya tayar da jitar Baba. Ban karya alkawari da wannan sanarwa ba, don Yaya ba ya karanta abin da ya wuce layi uku, sai ya ce a turo masa da murya. Ina roƙo don Allah kar wanda ya tura masa.

Game da jana'iza, ba sai an yi wanka ba, an riga an wanke ta fiye da kima. Yaya ya kafa ƙusa a bangon falo, saman talabijin, can za a rataye ta ranar Asabar da hantsi kafin ya kama hanya. Masu zuwa ta'aziyya su yaba fentin a hankali su wuce. Kar wanda ya leƙa ɗaki ya ce, "Baba, a ɗan taɓa mana."

Zaman makoki kuwa a bakin ƙofar Baba ne, kullum da safe, ni kaɗai. Zan riƙa sauko da ita in jona in kaɗa. Ban iya ba, kuma ni ce wadda ko gaida baƙo sai na kalli ƙafata, amma duk layinmu za su ji, su yi haƙuri. Jiya da Yaya ya fita na gwada, karen maƙwabta na taya ni. Na ci gaba. Can sai na ji gado ya motsa daga ciki.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Tsirkiya ta uku ta yi sako-sako. Ƙara ɗaure ta, kina kashe mini kunne."

Bai buɗe ƙofar ba. Na murɗa ta har ta zo daidai, na ji ta zo, na ƙara murɗawa da gangan ta wuce. A haka za a rataye ta, a haka zan riƙa kaɗa ta, kuma ba a tashi daga makokin ba sai ranar da ya fito ya gyara ta da hannunsa.